Hannun Kawu Cikin Tokar Gari

Abin da ya fara ɗaukar idona ranar da muka rasa Kawu, hannun wata tsohuwa ne. Ana zaman makoki a gidansa da ke Anka, mata sun cika tsakar gida, Inna tana jingine da bango kusa da matar Kawu, idanunta sun kumbura don kukan yayanta. Sai ga tsohuwar ta shigo tana dogara sanda, babu wadda ta san ta a cikinmu. Ta yi sallama, amma ba ta nufi tabarmar masu karɓar gaisuwa ba. Ta wuce kai tsaye zuwa madafi, ta durƙusa gaban murhu, ta naɗe hannun riga, ta tura hannunta cikin toka. A gidan mutuwa ba a ɗora tukunya, maƙwabta ke kawo abinci, saboda haka tun da aka fita da shi ba wanda ya kusanci murhun. Ta daɗe a durƙushe. Sannan ta zaro hannun, ta dube shi, ta yi magana ba da kowa ba.

"Ta yi sanyi. Ashe da gaske na."

Wata amaryar gidan ta raɗa wa ta kusa da ita cewa mahaukaciya ce, a fitar da ita. Inna ta ɗaga kai ta ce, "Ku ƙyale ta. Wagga ta san shi." Sai tsofaffin da ke wurin suka fara wani irin kuka mai haɗe da dariya, wanda ban taɓa jin irinsa ba. Daga nan tsohuwar ta zo ta yi mana gaisuwa kamar kowa, ta bar alamar yatsunta masu toka a gefen tabarma, ta fita.

A zaure kuma maza ne, wasu daga Gummi, wasu daga Bukkuyum, muryoyinsu na shigo mana ta saman katanga. Na ji wani mahauci yana ba da labari, yana jan majina.

"Wallahi ni da maiɗakina munka zuba ma murhu ruwa, munka tsallaka gidan maƙwabci munka yi tsit, wai a ce ba kowa gidan. Yas shigo, yas sa hannu, yaj ji taɓo. Sai nij ji shina cewa da ƙarhi, 'Ikon Allah, ana tsakar rani an yi ruwa madahin mutum guda! Allah ka ba mu irin albarkar bawanka wanga.' Ban san sa'ad da nit tuntsure da dariya ba. Dariyata ta tona ni. Allah shi jiƙan shi."

Malamar makarantar firamare ma ta zo, Kirista ce daga kudu, ta daɗe tana haya a unguwar. Ta yafa gyale, ta zauna kusa da Inna, ta ce da Hausarta mai ɗan karkacewa, marigayin bai taɓa shiga ɗakinta ba sai ya yi sallama ya jira, ko da ƙofa a buɗe take.

Da yamma ta yi, ɗiyar yayata ta tambaye ni wai mene ne aikin marigayin. Kafin in buɗe baki wata ta amsa mata, "Mai karɓar haraji ne." Maganar ta soke ni a ƙirji. Idan an bar shi a haka, nan da wasu shekaru abin da zai rage na Kawu ke nan. Shi ya sa na ɗauki biro.

Kawu bai taɓa karɓar kuɗin kowa ba. Nasa aikin duba gida ne. Gari yana da buƙatu: a kwashe shara, a gyara magudanar ruwa, a sa kwalbati, a haƙa rijiyar burtsatse. Wani ɓangare na kuɗin yin haka daga harajin gidaje yake fitowa, kuma kafin a ce wa mutum ga abin da zai biya, sai wani ya je ya ga gidan da idonsa. Kawu ne wannan idon. Yakan fita da hantsi da gwangwanin shuɗin fenti rataye a kan babur. Ya dubi rufi: jinka ce, soro ne, ko kwano. Ya duba ko an fasa bango an fitar da shago, ko akwai ɗakunan haya, ko an ɗora bene. Kowanne da matakinsa. Idan ya gama sai ya rubuta lamba a jikin zaure, ya kai bayani ofis, wasu daban su zo da rasit. Har yau idan ka zaga tsofaffin unguwanni za ka ga shuɗayen lambobinsa, masu ɗan jirkicewa hagu kamar suna sauraren wani abu a cikin bango.

Amma kafin duk wannan akwai tambaya ta farko: gidan yana raye? Gida mai mutane shi ke biya, kufai ba ya biya. Mutane kuwa sun iya zama kufai na yini guda. A rufe ƙofa, a kai awaki gidan dangi, a toshe bakin yara. Kawu ya gaji wata hanya daga tsofaffin da suka koya masa aiki. Sai ya yi sallama, ya jira, ya shiga madafi, ya tura hannun dama cikin toka can ƙasa, inda zafin jiya yake kwanciya. Idan ya ji ɗumi sai ya ce, "Da rai." Idan bai ji ba sai ya ce, "Ta yi sanyi," ya shafe lambar gidan da farar ƙasa. Hannun nan nasa bai taɓa komawa launinsa ba. Ko ranar Idi, ya sha wanka da turare, layukan tafinsa fari-fari suke, kamar an zana taswirar garin a ciki.

Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsu aka sa mini. Ni kuwa a lokacin budurwa ce mai hayar littattafan soyayya a kasuwa, ina karantawa a gindin darbejiya har ido ya yi ja. Idan ya zo sai ya tsaya a kaina ya ce, "Uwata, yau wa yam mutu don soyayya?" In na ce ba kowa, sai ya ce, "To ki mai da musu abinsu, sun cuce ki."

Shekarar da Baba ya cire jinka ya yi wa gidanmu rufin kwano, Kawu ya zo cin tuwon Juma'a kamar yadda ya saba. Ya ci, ya wanke hannu, ya fita ya ɗaga kai ya dubi rufin yana walƙiya, ya sa mu a mataki na gaba. Inna ta fito da muciya a hannu.

"Yaya, gidan ƙanwarka za ka ɗaga? Nono guda munka sha!"

"Awo, nono guda munka sha. Amma ni jinka gare ni, ke kwano."

"To tuwon gidanga ma ya tashi daga matakinka."

"Allah shi ba ki haƙuri. A dai riƙa sa man miya ko ba nama."

Har damina ta faɗi Inna ba ta amsa masa gaisuwa sai da ka. Yana zuwa duk Juma'a, tana tura masa kwano da ƙafa. Ran da aka sa kwalbati a bakin lungunmu, aka yi ruwa bai shigo mana zaure ba, ya kira ta ƙofar gida ya nuna mata. "Ga kwanonki can ƙarƙashin hanya." Ta ce ƙarya ne, nata kuɗin wani ya yi wa matarsa lefe da su. Ya yi dariya ya ce wannan ma yana yiwuwa, shi dai hannunsa kawai yake iya rantsewa a kai. Ranar da nama a miyarsa.

Yanzu sai in zo kan Gwaggo, ƙanwar Baba, don ba a ba da labarin Kawu a tsallake ta.

An aurar da ita a wata tunga da ke bakin gari, kusa ƙwarai, har da gari ya faɗaɗa aka sa gidajenta cikin masu biyan haraji. Shekarar dalma, lokacin da gubarta ta shiga Abare da Sunke da sauran ƙauyuka, ta shiga tungarsu ma. Maza suna kawo dutsen zinare gida, mata suna dakawa a turmin da suke dakan gero, ƙura tana sauka inda yara ke rarrafe. 'Ya'yan Gwaggo uku suka tafi a damina guda, da suma da sanƙarewa. Ƙanana ne, sai aka yi musu yadda ake yi wa ƙanana a can, aka rufe su cikin gida, bayan ɗakinta, inda take shanya. Daga baya aka zo aka kankare ƙasar gidajen aka zuba sabuwa, amma ta tsaya a kan wurin nan ta ce ba mai taɓa shi. Mijinta bai daɗe ba, rami ya rufta da shi. Sannan mutanen daji masu bindiga suka fara zagayen tungar, kowa ya kwashe nasa ya shigo gari. Gwaggo ta dawo gidanmu da ƙullin kaya guda. Kyakkyawa ce, doguwa, mai idanu kamar an wanke su da madara, amma tun da ta zo idanun nan ba sa sauka a kan wanda take magana da shi. Kullum suna kallon bayan kafaɗarka.

Sai ga wani Alhaji mai sayen zinare ya ce akwai jijiya a ƙarƙashin tungar. Maigari ya ce shi ba ya ba da gidan da ke da rai, amma duk gidan da aka shafe lambarsa ya zama kufai, yana iya bayarwa a haƙa. Mutanen tungar da yawa murna suka yi, don sun huta da harajin gidan da ba sa kwana a ciki. Aka sa ranar da Kawu zai je ya duba.

Ana gobe za a tafi ya zo gidanmu bayan la'asar. Gwaggo tana zaune, ƙafafunta sun kumbura har ba ta iya kai kanta bayi sai an riƙe ta. Ta ja jiki ta zo gabansa.

"Malam, ɗiyana na can."

"Na sani."

"In ka shahe lambar, diga za a sa musu."

"Na sani, baiwar Allah."

"To ka ce da rai. Wa zai gane? Hannunka na, ba na wani ba."

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Ban taɓa ganin fuskarsa ta tsufa haka ba.

"Don hannuna na shi as sa ba ni iyawa. In nic ce da rai ga toka mai sanyi, duk gidan da nit taɓa cikin garinga ya zama ƙarya. Zan roƙi maigari, zan roƙi Alhaji su kewaye wurin. Amma abin da nij ji shi za ni hwaɗi."

Inna ta ce, "Yaya, ba ka da imani." Ya tashi ya bar furarsa ko rabi bai sha ba.

Da safe Gwaggo ta ce a bar ni in bi su in ɗauko mata faifanta da ludayinta da ta manta. Inna ta yarda, tun da da rana ne kuma 'yan sa-kai za su raka. Da na shiga yi mata sallama ta jawo gefen mayafina, ta ɗaure kwalin ashana a ciki, ta matse hannuna har na ji zafi. Na gane. Zuciyata ta shiga bugawa kamar ta jarumar littafi, na ga kaina na riga kowa shiga, na hura wuta, na ceci kushewa uku. Ban ko tsaya tunanin cewa wutar yanzu daban, tokar jiya daban, kuma Kawu ya fi kowa sanin bambancin.

Da muka isa bakin tungar ya sauka daga babur, ya dubi ƙullin mayafina, ya dube ni.

"Uwata, bayana za ki tsaya. Ko taki guda kar ki wuce ni."

Ban taɓa shiga wuri mai shiru irin wannan ba. Rana ta fito, sarari fes, amma ba kaza, ba akuya, ba ko kukan kurciya. Ƙofofi a buɗe suna kallonmu. Turmi kwance a gefensa, ciyawa ta fito ta bakinsa. Sabuwar ƙasar da aka zuba a gidajen ta fi ta waje ja, sai ka ga kowane tsakar gida kamar miki. Mu biyar ne muka bi Kawu: ni, da Alhaji, da wakilin maigari, da 'yan sa-kai biyu da suka tsaya a waje suna waige-waige.

Kowane gida sai Kawu ya tsaya a ƙofa ya yi cikakkiyar sallama, ya jira kamar za a amsa. Alhaji ya ce, "Malam, wa kaka gaisarwa? Gara?" Kawu ya ce, "Masu gida." Ya shiga, ya durƙusa, ya sa hannu. "Ta yi sanyi." Ya fito ya shafa farar ƙasa a kan lambar da shi ya rubuta da hannunsa. Haka muka yi ta bi. Duk gidan da ya shafe sai in ga kamar an rufe wa mamaci ido.

Na Gwaggo ne na ƙarshe, a gindin wata tsamiya. Kawu ya yi sallama. A nan ne na ji abin da har yau ban iya faɗinsa daidai ba. Ba a amsa ba. Amma shirun ya sauya. Na sauran gidajen shirun babu kowa ne. Wannan kuwa irin shirun da yara ke yi ne idan suna wasa babba ya shigo.

Muka shiga. Na hango wurin shanya a bayan ɗaki, tudu uku ƙanana, na kawar da kai. Saƙar gizo ta rufe ƙofar madafi tun daga sama har ƙasa, da fuskarsa Kawu ya yanke ta. Ƙurar da ke ƙasa lumui, ba sawun mutum, ba na dabba. Ya durƙusa, ya yi bisimilla, ya tura hannu. Na rufe ido, ƙullin ashana yana cikin tafina ya jiƙe da gumi, ina jiran kalmomin nan uku.

Ba su zo ba. Na buɗe ido na ga bayansa ya sandare.

"Alhaji," in ji shi, muryarsa can ƙasa, "zo ka sa hannu."

Alhaji ya tattare babbar riga yana tsaki, ya tsuguna, ya sa yatsu. Sai ya fizge su kamar kunama ta harbe shi.

"Rana ta," in ji shi.

Kawu ya nuna masa rufin madafin, ko huda babu, kuma hantsi bai gama ɗagawa ba.

"To mutanen daji na sunka kwana."

"Sunka shigo ta ina? Gizo yab buɗe musu yam mai da?"

Wakilin maigari ya sa nasa hannun, ya ja da baya yana salati. A lokacin ne ƙamshin ya iso hancina, siriri, kamar daga nesa. Gyaɗa ce gasasshiya. Na tuna yadda 'ya'yan Gwaggo suke binne gyaɗa cikin toka idan ta sauke tuwo, su zauna a kewaye suna jira, ƙaraminsu yana ƙona yatsa yana kuka yana sake sawa. Kawu ya zaro hannunsa a hankali, ya buɗe. Ƙwaya guda ce a tafinsa, da ɓawonta, gefenta ya yi baƙi. Ya dube ta, sannan ya mai da ita inda ya same ta, ya ja toka ya rufe, yadda mutum ke mai da kayan da ba nasa ba.

"Da rai," in ji shi.

Alhaji ya ce wannan zancen banza ne, gida ba mutum ya za a yi ya biya haraji, a faɗa masa wanda ya hura wutar. Kawu ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa.

"Ba a aiko ni in tambayi wa yah hura ba. An aiko ni in taɓa. Na taɓa, ka taɓa, wakili ya taɓa."

Ya fita ya buɗe gwangwani, ya bi tsohuwar lambar da sabon shuɗi. Na ɗauko faifai da ludayi ban yarda na juya wa madafin baya ba. Da za mu fita na ji Kawu ya ce a hankali, "Mun bar ku lahiya."

Gwaggo ce kaɗai macen da na sani a garin nan da aka ce mata za ta biya haraji ta rangaɗa guɗa. Maƙwabta suka leƙo suna tambayar wa ya haihu. Da hayaniya ta lafa na shiga ɗakinta na kwance kwalin ashana na miƙa mata, na ce ban sami dama ba, ban ƙyasta ko ɗaya ba. Na zaci za ta firgita. Ta karɓa, ta girgiza shi kusa da kunne, ta tura ƙarƙashin matashi.

"Ƙaramin bai son sanyi," in ji ta. "Tun shina ciki haka yake."

A littattafan da nake karantawa, da an kawo nan sai a bayyana cewa Kawu ya so Gwaggo tun tana budurwa, ya rasa ta, ya ɓoye abin a ransa, ya je a ɓoye ya hura wutar. Na so ƙwarai a ce haka ne. Na yi makonni ina saƙa labarin, har da kalaman da zai faɗa mata a ƙarshe. Wata Juma'a na tare shi a zaure na tambaye shi. Bai yi dariya ba, bai kuma yi fushi ba.

"Uwata, da ni nih hura, da na hi kowa samun barci. Ki bar ni da abin da nij ji."

Gwaggo ta warke, ta kama ƙuli-ƙuli, da shi take biyan harajinta, rasit kuma a cikin kwallarta yake kwana tare da kayan fita unguwa. Duk shekara Kawu yana komawa tungar, domin aikin haka yake, gidan da ke cikin lissafi sai an sake duba shi. Bai ƙara yarda na bi shi ba. Yakan dawo ya tsaya a ƙofar ɗakinta ya ce, "Da rai," ta ce, "Na gode, Malam," shi ke nan zancensu. Amma na lura tun daga ranar bai ƙara cin gasasshiyar gyaɗa ba. Idan mai talla ta wuce sai ya juya fuska bango. Kuma ya ɗauki wata ɗabi'a: ko ɗakin da ya san ba kowa zai shiga, ko rumbu ne, sai ya yi sallama ya jira. Matarsa ta ce a ciwonsa na ƙarshe yakan miƙa hannun dama gefen gado, yana lalube a iska, can sai ya yi murmushi.

Ya Allah, ga bawanka da ya shiga gidajen mutane bai ɗauki ko allura ba, ya ji tausayi bai yi ƙarya ba. Ka sanyaya masa makwanci, ka yalwata shi, ka sa ya ji an amsa masa sallama a inda ya sauka.

Da Kawu ya yi ritaya aikin ya sauya. Samari ne yanzu ke zagayawa da waya, su ɗauki hoton rufi, su ɗauki hoton mai gida tsaye a ƙofa, bayani ya tafi ofis nan take. Ya fi sauri, kuma an ce gidaje da yawa da a da ba a san da su ba sun shiga lissafi. Sai dai hoto ba ya jin ɗumi, mutum yake nema. Da Gwaggo ta ji haka ta ɗaure ƙullinta. Baba ya yi faɗa, Inna ta yi kuka, ta ce musu za ta je ne kawai ta tsaya a ƙofa a ɗauke ta. Aka ɗauke ta. Ba ta dawo ba.

Shekaru ke nan tana can. Bayan an share makoki na hau babur na je in kai mata labarin rasuwar, don ba wanda ya tuna da ita. Tungar babu ita. An haƙe ko'ina, ramuka baki buɗe, tsibin jar ƙasa kamar kushewar ƙattai. A tsakiyarsu gida guda yake tsaye a kan guntun tudu, da tsamiyarsa, da siririyar hanya da ba ta wuce faɗin tabarma ba. Mai babur ya ce nan zai jira ni. Ya ce masu haƙa suna tashi tun kafin la'asar, suna roƙon ta ruwa daga waje amma ba mai shiga, mutanen daji ma kewayewa suke yi.

Na same ta a madafi, ta yi furfura, ta rame, amma idanunta sun sauka a kaina sosai, karo na farko tun ina budurwa. Babbar tukunya ce a kan wuta, tuwon da ya fi ƙarfin mutum guda. A gefen murhu ta jera ƙoƙuna uku ƙanana, wankakku. Na ce, "Gwaggo, wa zai cinye wannan duka?" Ta ce, "Ba ya kwana."

Na zauna na faɗa mata. Na ce Kawu ya rasu, an yi bakwai.

Ba ta yi kuka ba. Ta ajiye muciya, ta yi masa addu'a a hankali, ta shafa. Sannan ta tashi ta shiga ɗaki, na ji tana motsa kaya. Ta fito da wani tsohon akushi irin na maza, ta ɗauraye shi, ta goge da gefen zane, ta ajiye shi kusa da ƙananan. Ta ɗebo gari ta ƙara a tukunya. Har ta ɗauki gwangwanin yaji za ta zuba a miya, sai ta tsaya ta juyo.

"Ke kin hi ni sanin shi," in ji ta. "Shina son yaji da yawa?"